Shekara Tara Ba Kawu Bitrus

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Bitrus, yayan mahaifiyata. Ni kuma shekarata goma sha ɗaya a Madina, ina aikin dabino a wata gona a unguwar Awali. Gwiwoyina sun fara ƙorafi, jiki magayi. Ban san ko gajiya ce ta sa nake yawan tuna shi bana ba.

Gidan su Inna Kiristoci ne, a wani ƙauye kudu da Katsina. Ita ta musulunta lokacin da ta auri Baba. Da Baba ya rasu ina ɗan shekara takwas, Kawu ne ya ɗauke ni. Kafin nan ya yi shekara shida a gidan zuhudu, inda maza ke barin aure da dukiya su zauna wuri guda suna addu'a da aikin hannu. Bai yi alkawarin ƙarshe na zama a can har mutuwa ba, domin kakanmu ya makance, babu mai noma masa. Ya dawo gida, amma bai bar tsarin can a can ba.

Ranarsa a yanke take. Yana karanta Zabura da sassafe, ya tafi gona, rana ta take ya ajiye fartanya ko da saura kunya ɗaya, ya sunkuyar da kai ya yi addu'a. Da yamma ya kama aikin kafinta. Baƙo kuwa, ko wane iri ne, shi da kansa yake kawo masa ruwa. Shi ne kuma yake buga mini ƙofa da asuba ya ce, "Sale, ladaninku ya kira. Kada ka bar shi yana jira." Bai taɓa ce mini in bi shi coci ba.

Shekararsa ma haka take. Makonni huɗu kafin Kirsimeti kwanakin jira ne, a lokacin yake gyara duk abin da ya karye a gida, ya je wurin wanda suka saɓa. Daga Larabar Toka, ranar da ake shafa musu toka a goshi a coci, ya shiga azumin kwana arba'in. Rage ci yake yi, amma ya ce azumin ciki mai sauƙi ne, na baki shi ne aiki. A kwanakin nan ba ka jin ya yi gunaguni, ko da akuyar maƙwabci ta cinye masa ganyen rogo.

Maganarmu ta ƙarshe a waya ce, cikin wannan azumi nasa. Na yi ta zuba masa kukan kafil, mai gidan da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ke hannunsa, da zafin rana, da kewar yara. Ya saurara har na gaji. Sannan ya ce, "Wane aiki kuke yi yanzu a gonar?" Na ce muna hawa muna sa wa matan dabino furen namiji. Ya ce, "To ka sa shi da kyau. Gobe ka kira ni ka faɗa mini bishiya nawa ka hau." Haushi ya kama ni, ban kira ba. Bayan mako biyu aka kira ni.

Ban sami takardar fita ba, saboda haka ban je jana'iza ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ban taɓa gaya wa kowa a nan cewa Kirista ne ya rene ni ba. Abokan aiki suka zo ta'aziyya suna yi masa addu'a irin tamu, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ɓarawo. Kwana uku ina ɗauke da baƙin ciki na rasa inda zan sauke shi.

Ammu Haruna ne na fara gaya wa. Shi ne mai kula da gonar, Bahaushe haifaffen nan, kakansa ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba. Ya juya carbi, sannan ya ce cikin Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Ya waladi, ɗana, shi ya ciyar da kai? Shi ya tashe ka sallah?" Na ce shi ne. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa. Naka shi ne kada ka ɓoye alherin mutum." Ranar na yi kukan da na kasa yi.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga abin da muka zama. Mutumin da ya ɗauki zama wuri guda a matsayin ibada, ga ƙauyensa ya watse saboda 'yan bindiga. Coci da masallaci duk ciyawa ta rufe ƙofofinsu. 'Ya'yansa suna haya a gari, nawa suna girma a cikin waya. An ce zumunta a ƙafa take, tamu ta koma a yatsa. Kabarinsa ma, an yi shekara uku ba wanda ya iya zuwa share shi. Ina jin ba zai yi dogon jawabi ba. Zai tambaya ko an ci abinci, ya nemi abin da ya karye.

Bai bar wa kowa gida ba, bai bar gona da za a iya nomawa ba. Addininsa bai zama nawa ba, nawa bai zama nasa ba. Amma wata rana ina yaro na ga Fada, limamin cocinsu, sanye da koriyar riga mako bayan mako, na tambayi Kawu wane biki ne wannan da ba ya ƙarewa. Ya yi dariya ya ce ba biki ba ne, ba azumi ba ne, sunansa lokacin yau da kullum, kuma shi ya fi kowane tsawo a shekara. "Kowa yana iya tuna Allah ranar idi," in ji shi.

Watan Ramadan ya wuce, alhazai sun koma, Madina ta yi sauƙi. Saura mu da bishiyoyi da rana. A irin waɗannan kwanaki marasa suna nake gane cewa Kawu ya bar mini gado. Na gaji, ba na musu. Amma hannuna ya ƙi yin aikin ha'inci ko ba mai kallo, kuma na san wanda ya hana shi.