Baƙon da ke Sauraron Ƙarfe

Tun hantsi Ilu maƙeri ke lura da baƙon nan a kasuwar Maigatari, kuma har yanzu hankalinsa bai kwanta da shi ba. Dogo ne siriri, cikin farar shadda, ga tabarau a bakin hanci. Ko kallon raƙuma bai yi ba. Yana tsugune gaban tabarmar wani dattijo mai tsofaffin ƙarafa, yana jujjuya kibau da barandami.

Ba ya taya komai. Sai dai ya ɗaga kan mashi, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya kasa kunne.

"Baba, wannan ƙarfen mota ne, binne shi aka yi ya yi tsatsa," in ji shi. "Wancan kuwa tama ce, ya girmi kakanninmu."

Ilu ya san baƙon bai kuskure ba. Sai wanda ya tashi a maƙera ke jin ƙarfe haka, amma hannun nan sumul yake, ko tabon wuta babu. To ɗan wane ne? Ina yake kai kayan mutane?

Ga baƙon ya zaro ɗan littafi. "A wane gida aka samo shi? Akwai saura?"

Dattijon, wanda ya san gidan Ilu sarai, ya fara waige-waige. Ilu ya sunkuyar da kai. Mashin kakansa na nan rataye a zaure a Gagarawa, inda kowa ke gani. Yau kafin magariba Ilu zai ɓoye shi cikin rumbu.