Verna, Mai Ɗaure Wa Tsofaffi Ƙugiya

Kafin masu kwale-kwale su gama kurɓar kofinsu, Verna Kowalke ta riga ta buɗe shagon kayan fatsa da ke bakin tafkinmu, a arewacin Minnesota. Shagon ba nata ba ne, aiki take yi a ciki, amma tambayi kowa a garin nan, "shagon Verna" zai ce maka. Da ta shiga sai ta leƙa ruwa ta taga tukuna. In ya kwanta garau, ta jera tanar roba mai launin ganye a gaba. In iska ta dama shi, ta fito da baƙaƙen. Hannunta kullum warin tafarnuwar da ake jiƙa robar da ita yake yi, har mun daina ji.

Ba ta ba ka zare sai ta yi maka tambayoyi kamar alƙali. Cikin ciyawa za ka jefa? Ga saƙaƙƙe, ba ya tsinkewa da wuri. Kan duwatsu ne, ruwa garau? Ɗauki wanda kifi ba ya gani. In kuwa ka ja ƙulli a bushe a gabanta, ka shiga uku.

"Tofa masa yawu, bawan Allah! Yawun ma rowarsa kake yi? Ƙonewa zaren yake in ka ja shi a bushe, gobe ka zo kana ce mini kifi ne ya fi ƙarfinka."

Amma ba don wannan faɗan nake jinjina mata ba. Don Orville Sundby ne, tsohon direban motar katako. Bayan rasuwar matarsa, idonsa ya soma dishi-dishi: yana ganin gefe, tsakiya kuwa sai hazo. Fatsa ce kaɗai ke fitar da shi daga gida. Wata shekara, ƙanƙarar da ta daskare tafkin ta narke, aka buɗe kamun kifi, Verna ta hango shi ta taga yana zaune cikin kwale-kwalensa, yana ta neman kafar ƙugiya da bakin zare yana kuskurewa. Kowa ya tafi ya bar shi. A wurin mazanmu kuwa, namiji shi ke ɗaure ƙugiyarsa, ba ya roƙo. Can ya ajiye sandar fatsarsa, ya shigo shago.

"Verna, in kin ji mai neman kwale-kwale, na sa nawa a kasuwa."

Ta san ranar da kwale-kwalen nan ya tafi, Orville zai ja labule ya zauna gaban talabijin, sai dai a fito da shi. Ba ta ce masa sannu ba, don ta san sannun ce za ta kore shi.

"To, madalla. Amma kafin nan ka yi mini wani aiki. An kawo sabon zare, ni ban yarda da shi ba." Ta miƙa masa guntun soso, an nannaɗe shi da ƙugiyoyi ɗaurarru, kowace da madaukin da hannu zai iya lalubowa ya maƙala. "Je ka gwada, ka zo ka faɗa mini wanne ya tsinke."

Zaren nan fa tsohon zarenmu ne na kullum. Haka Orville ya kwashe lokacin zafi kaf yana "gwaji", yana dawowa da bayani yana hura hanci. Da sanyi ya shigo, muka riƙa tarar da Verna a bayan kanta ido rufe, muna tsokanarta wai tsufa ya kawo gyangyaɗi. Ashe koya wa yatsunta take yi su ɗaure ƙulli ba da ido ba. Sai da ta iya, sannan ta zaunar da shi.

"Rufe idon nan, dama ba wani aiki yake maka ba. Ninka zaren biyu. Lalubo kafar da babban yatsa. Yauwa, tsoho! Yanzu tofa."

Verna, ke ce kika san cewa wani taimakon sai an ɓoye shi yake karɓuwa. Uwar masunta, tsofaffi nawa kika yi wa wannan ƙaryar mai daɗi? Ni dai na ga soson nan a kwale-kwale fiye da ɗaya.

Bana ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe yatsunta, ta ajiye aiki. A walimar sallama ta ci soyayyen kifi, ta yi ta dariya, amma da ta koma gida sai ta rataye sandarta a gareji. Wadda ta ɗaure wa gari guda ƙugiya ba za ta iya buɗe baki ta ce a ɗaure mata ba. Wallahi abin ya tsaya mana a rai, muka rasa ta inda za mu ɓullo mata.

Ranar buɗe kamun kifi, sai ga Orville a ƙofarta, riƙe da hularsa.

"Verna, na koyi wani sabon ƙulli, ni ban yarda da shi ba. Zo ki gwada mini."

Ta harare shi. "Tsohon maƙaryaci."

"A shagonki na yi karatu. Ɗauko sandar, rana na yi."

Na gan su da idona a bakin ruwa. Ita ta duba ruwan ta zaɓi tana mai launin ganye, shi ya rufe ido ya ninka zare, tana share hawaye da bayan hannu wai iska ce.

Mun gode, Verna, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma jama'a, in kun hango wani ya daɗe a bakin ruwa bai jefa ba, kada ku ce masa sannu, ku nemo masa aikin gwaji. Ranar nan, da kwale-kwalen Orville ya yi nisa da su, ba abin da muke jiyowa sai muryarta a kan ruwa:

"Orville! Ka tofa masa yawu kuwa?"