Gonar da Muka Shuka da Wuƙa

Ni mutum ne da in na shiga gidan makoki sai an ja ni waje, don kada masu kuka su ɓige da dariya. A kasuwar Gwandu, inda nake sayar da albasa, har cewa ake jakina ma in zai yi kuka sai ya ƙara gishiri. Amma akwai wata gona a fadamar Kalgo da na kasa mayar da ita abin dariya, na kuwa gwada.

Gonar ta taubashina ce, ɗan gwaggona. Ya je babban yaƙin Turawa, aka kai shi hamadar Masar cikin sojojin ɗaukar kaya da gyaran hanya, ya dawo ko ƙwarzane babu. Ba ya ba da labarin yaƙi, sai ni na ɗauke masa wannan nauyi. Na ce ya taɓa cafke jirgin sama da hannu ya murɗe masa wuya kamar zakara. In ya ji sai ya ce, "Bawan gidanmu, Allah shi shirye ka."

Shekarar da motar noma ta fara shiga fadama, wajen shekara bakwai da dawowarsa, Gwaggo ta aiko mini da saƙo a bakin wani mai kifi. Motar ta nome gonar ɗanta yau kwana shida. Maƙwabta duk sun yafa irin shinkafarsu, ruwan gulbi yana tafe, shi kuwa kullum yana zaune a bakin gona da buhun iri. Bai shiga ba, ya kuma hana kowa shiga. Wannan gona ita ke ciyar da Gwaggo da matarsa da 'ya'yansa huɗu.

Na hau keke na tafi. Da hantsi na same shi a gindin wata giginya, ya zuba wa ƙasa ido.

Na ce, "Ranka shi daɗe, jarumin Masar! An ce kwaɗi sunka kore ka daga gonarka. Su nawa ne in tara maka gayya?"

Bai yi dariya ba. Ya nuna mini sawun motar, layi biyu masu haƙora sun miƙe har ƙarshen gona. Ya ce, "Ka san wanga sawu?"

"Na katafila ne, ko makaho ya sani."

"Ni a wani wuri na san shi."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ƙaga masa ba. Ya ce abokan gaba kan binne nakiya a cikin yashi, mai faɗin faifai, wata ta mota, wata ta ƙafar mutum. Turawa suka zo da motar yaƙi wadda aka ɗaura wa wani ƙarfe a gaba, yana juyawa da sarƙoƙi, suna dukan ƙasa kamar mata suna bugun shinkafa. Duk nakiyar da sarƙa ta daka sai ta tashi a banza, mutane su biyo baya.

Na ce, "Ai wannan mota 'yar albarka ce."

"Tana aiki, ba ni yi mata ƙarya. Ta ceci mutane da dama. Amma kowace nakiya in ta tashi sai ta tsinke sarƙa ɗaya ko biyu, wurin ya yi giɓi. Ƙura kan rufe wa direba ido. Inda ƙasa ta yi kwari sarƙa ta wuce bisa. Inda yashi ya yi laushi sai ta ƙara danna nakiyar ciki, ta kwanta tana jira."

Ya ce wata rana motar ta wuce, aka ce hanya ta gyaru, suka biyo sawunta ɗauke da garewanin ruwa. A gabansa akwai abokinsa, mutumin Masama, suna gardama kan wa ya fi wani kewar fura.

"Mutane da yawa sun taka wurin kahin shi. Ni da idona na ga sawunsu. Shi ko da ya taka..." Ya kakkaɓe tafin hannunsa. "Garwa tai na kai wa saje. Ita kaɗai na samu ɗungurungum."

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma bakina ya riga ni. Na ce masa nan Kalgo ce, babu abin da aka taɓa binnewa a fadamar nan sai cibiyar kakanninmu. Na tattare riga, na faɗa gona da gudu, ina tsalle ina dukan ƙasa da ƙafa biyu, ina kiran nakiya ta fito mu gaisa. Na kai tsakiya.

"Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Ban san muryar ba. Wallahi ba ta taubashina ba ce, ko kuwa tasa ce ta can wadda bai taɓa kawo mana gida ba. Ƙafata ɗaya tana sama, a saman ta tsaya. Na san babu komai a ƙasar nan, na san shi kamar yadda na san sunana, amma na dubi ɓurɓushin ƙasar da ke kewaye da ni na rasa inda zan sauke ta. Tsuntsayen fadama suna ta kukansu. 

Sai na ga ya zaro wuƙa, ya durƙusa, ya shigo. Yana soka ta cikin ƙasa a karkace, a hankali, ya shafa da yatsu, ya matso da gwiwa. Ni da na yi tafiyar nan cikin numfashi uku, shi sai da rana ta take tsaka ya iso. Leɓensa yana ta motsi, na zaci addu'a ce, da ya matso na ji da mutumin Masama yake magana, yana ce masa ya yi haƙuri, ga shi nan tafe. Ya kama ƙafata ya sauke ta a inda ya soka. Ya ce, "Bi sawuna. Nawa kaɗai."

Na bi shi kamar ɗan akuya.

Da muka fita na sha ruwa, na dubi siririyar hanyar da gwiwarsa ta bari. Na ce, "Yallaɓai, wannan da ka soka, ta gyaru?"

Ya ce, "Wagga ta gyaru."

"To ba ni iri."

Haka muka yi kwana huɗu. Shi a gaba da wuƙa, ni a baya ina yafa shinkafa iyakar inda hannuna ya kai. Mutane suka taru a kan kunyar bakin gona suna kallo. Wani ya ce a kira malami, Gwaggo ta ce a bar su su yi aikinsu. A rana ta biyar ruwa ya hau, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba mu yi ba.

Da kaka na koma. Shinkafar ta fito layi-layi, siri-siri, tsakaninsu ruwa da ciyawa, kamar hanyoyin da wani ya bi ya ɓace. Abin da aka girbe bai kai su bazara ba, sai da muka kai musu gero daga gidanmu. Shi kuwa ya ba wani maƙwabci aron gonar, ya koma tudu, inda babu abin da ke taɓa ƙasa sai fartanyarsa.