Ƙarfen da aka cire wa motata

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tsaya a gaban dangi ya ce tsoro ne ya hana ni zuwa ɗauko mahaifiyarmu. Wai motata lafiyarta ƙalau, ni ne ba ni da zuciya.

A shekarar da mutanen arewacin jiha suka kwararo Yola da ƙullin kaya a ka, suna gudun 'yan tada ƙayar baya, abin ya faru. Labari ya zo cewa Dada, mahaifiyar tamu, da mutanen ƙauyenmu sun fita a ƙafa sun nufo Gombi, ita kuwa ga ciwon gwiwa. Ina da tsohuwar a-kori-kura mai kafireto, wadda na ba ƙanen nan yana jigilar kayan lambu daga Namtari zuwa kasuwar Jimeta. Da sassafe na karɓi makulli na kama hanya.

In tana tsaye injin lafiya lau. Amma da na taka totur sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta fizga. A shingen sojoji na bakin gada, soja ya yi mini hannu in wuce, na taka, ta mutu a gabansu. Wanda bai zauna garin nan a lokacin ba, ba zai gane ba. Ana fama da tashin bam, ga mota ta tsaya cak a bakin shinge. Aka fito da ni, aka kwantar da ni a kwalta, aka caje motar, aka ce in tura abata in ɓace. Na tuna shingayen da ke gaba, na juyo gida. Abin da ƙanena ya kira tsoro ke nan.

Bakaniken da ya san motar nan Kirista ne, mutumin wajen Numan, a Luggere yake zaune. Ran Lahadi ce, yana coci. Na ajiye motar nesa, don a lokacin ba mai barin mota kusa da coci, na tsaya a bakin ƙofa na aika masa. Ya fito da farar rigarsa. Da ya ji maganar Dada bai ko koma ciki ba.

Ya kwance fulogai, ya ce ba su ba ne. Ya cire matatar mai ya hura, iska ta wuce. Sai ya ɗauke tukunyar iska daga kan kafireton, injin a kashe.

"Direba, leƙa nan. Zan ja totur da hannu. Ka ga mai ya feso?"

"Ban ga komai ba."

"To shi ke nan. In ka taka, iska ne yake fara shiga. Akwai ƙaramin famfo da zai fesa mai ya bi shi. In babu, mota zai shaƙe."

Ya sunkuya, sai ya yi tsaki. Ɗan ƙarfen da ke tura famfon an zare shi, an ɗaure gefe da waya.

"Wannan ba lalacewa ya yi ba, hannu ne. Direbobi suna yi, wai mota ya rage shan mai. Waye yake ja maka?"

Ya mayar da ƙarfen, ya jiƙa fatar famfon da ta bushe, ya ja, mai ya feso siriri. Farar rigar nan ta gama yawo. Ya ɗauki akwatin sifanoninsa ya shige gaba, ya ce ba zai bar ni da tsohuwar mota a wannan hanyar ba.

Gaba da Song muka sami Dada a gindin bishiya, ƙafafunta sun kumbura. Shi ya ɗauke ta cak ya sa a kujerarsa, ya koma baya cikin mata da yara. Ko sau ɗaya motar ba ta yi tari ba har gidana a Yolde Pate. Duk abin da zan yi wa mutumin nan ban biya shi ba, kuma kullum ina sa shi a addu'a.

Dada ta hana ni tada wa ƙanen maganar ƙarfen, na yi shiru har Allah ya karɓi abarsa bara. Bayan sadakar bakwai ƙanen ya zo sallama, ya kira ni yadda muke kiran yaya.

"Hamma, zan koma."

Na ce, "Zauna. Na ga wayar da ka ɗaure ƙarfen nan da ita, tun ranar na gani. Kai ka shaƙe motar, ka sa aka kwantar da ni a kwalta, sannan ka ce mini matsoraci. Wanda ya ɗauki uwarka a hannu ba ɗanta ba ne. Ba na neman haƙurinka. Ka tashi ka je Luggere ka ce masa ka gode."