Baƙin da Kawu Yake Nufi

Ni mai fentin mota ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba, ko da yake a Dakoro ta wancan lokaci an fi ganin girman mai gyaran sirdin raƙumi. A wani garaji na Maraɗi na koyi aikin. Na dawo gida a shekarun farko na mulkin kai, sabuwar tutar da ke gaban biron kwamanda, wato ofishin mai mulkin yankin, ba ta ma fara koɗewa ba. Motocin garin ƴan kaɗan ne, kowacce tun daga nesa ka san ta da kukanta, kuma rana da rairayi sun cinye fuskarsu duka.

Ɗaya daga cikinsu ta kawuna ce, wan mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi. Ƙaramar mota ce mai buɗaɗɗen baya. Ya saye ta a hannun wani Bature tun yana zaune Maraɗi, kafin ya kwaso iyali ya yo arewa. Ta yi jigilar gero tsakanin Dakoro da Ɗan Gulbi da Ajekoriya har ta gaji. Ni dai tun da na san ta launin toka gare ta. Farin ƙarfen goshinta ya yi tsatsa, robar tagoginta ta tsattsage, ƙofar direba kuma sai an ɗaure da igiya.

A wata bazara Kawu ya aika aka kira ni. Na same shi a zaure, ya juyo fuska wajen muryata, ba wajen da nake tsaye ba. Yanar ido ce ta rufe mishi gani. An kai shi likita Maraɗi, aka ce a yi haƙuri. Da hantsi yana ganin abu in babba ne kuma yana kusa, da rana ta yi sanyi kuwa sai inuwa.

Ya ce, "Ɗana, an ce ka iya. Ka mayar mini da motar nan baƙa, yadda na saye ta. Ina so in gan ta tun idon nan bai ida rufewa ba."

Na ce, "To, Kawu." Amma na ga aikin ba irin wanda ake cewa in ya ɓaci a sake ba ne.

Babban ɗansa shi ke tuƙa motar a lokacin. Taubashina ne, tun muna yara ba mu haɗuwa mu rabu lafiya. Yakan kira ni mai lallen ƙarfe, ni kuma in ce mishi direban jaki. Shi ya bi wata babbar mota zuwa Maraɗi, ya shiga kanti ya ce a ba shi baƙin fenti, aka ba shi, ya kawo ya dire mini gwangwanayen a gaba yana hura hanci. Na buɗe ɗaya. Baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya, kuma mai kyau ne, ban da abin cewa.

Na fara aiki a bayan gidan Kawu. Na kwance duk abin da ke kwantuwa, na shiga kankare tsohon fenti. Da na zo ƙofar direba na ɓamɓare robar da ke kewaye da ita, sai na tsaya. A ƙarƙashin robar nan, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, fentin asali yana nan lafiya lau. Na tofa yawu na goge da yatsa, na fito da ƙofar fili. Shuɗi ne mai duhu ƙwarai, in haske ya faɗa mishi har wani ja-ja yake yi daga ciki.

Na shiga cikin gida wajen matar Kawu, tana tankaɗe. Na ce, "Inna, motar nan ranar da aka kawo ta, wane launi gare ta?"

Ta ce, "Baƙa mana. Baƙa wul, kamar rawaninshi na salla."

A nan kaina ya waye. Kawu ɗan marina ne. A bakin karofi, wurin rini, ya tashi kafin ya kama fataucin hatsi, kuma a bakin marini, zanen da ya sha shunin baba ya ƙoshi sunansa baƙi. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya ji ba daidai ba. Kalmar ce ɗaya, tukunyar da kowa ya ɗebo ta daban.

Da na gaya wa taubashina, sai ya yi tsaki. Ya ce, "Kai dai ka cika neman aiki. Baƙi ya ce, baƙi na kawo. Mutumin da ba ya bambanta ni da ƙanena sai mun yi magana, shi zai bambanta wannan da wancan? Shafa mishi kawai, hankalinshi ya kwanta."

Raina ya ɓaci. Na san ba rashin ƙauna ba ne, shi ke jan uban zuwa masallaci kullum, ya riga ya fid da rai ne. Amma na ce mishi in abin da za a yi ke nan, ya ɗauki tsintsiya ya shafa da kanshi, ni ban koyi sana'a don in yaudari makaho ba. Kalmar ta fita kafin in kama ta. Ba wanda ya taɓa kiran Kawu da ita. Washegari sai ji na yi ya bi ƴan hatsi ya koma Maraɗi neman shuɗi.

Kafin ya dawo na gama da ƙarafa. Farin ƙarfen goshi na bi shi da toka da lemun tsami, ina murzawa har yatsuna suka yi kanta, sai da na ga haƙorana a ciki. Baƙin fentin nan ma bai tafi a banza ba, shi na shafa wa ƙafafu da matakala da katakon baya. Robar da ta mutu na yanka sabuwa daga tsohon tiyon roba.

Haɗin launin ne ya sha mini kai. Inna ta ciro mini rawanin Kawu daga adaka, tana gargaɗina kada ko ɗigo ya taɓa shi. Na shimfiɗa shi kusa da ƙofar nan, ina zuba baƙi cikin shuɗi kaɗan-kaɗan, in shafa a murfin gwangwani, in jira ya bushe, in kai rana in duba. Duk wanda na haɗa sai ya fito a mace. Daga ƙarshe na tuna da ja-jan nan, na samo ragowar jan fenti wajen mai gyaran kekuna na ɗiga. Da ya bushe na aza murfin bisa rawanin, sai na ga launinsu ya zama ɗaya.

Fesa fenti a Dakoro kuma wani yaƙi ne. Ba ni da inji, da famfon feshin sauro na yi. Na kewaye wurin da zana, na rataya tsofaffin zannuwa, na yayyafa ruwa a ƙasa don rairayi ya kwanta. Inna ta yi ta mita, wai ruwan da ake jawowa daga rijiya mai zurfin nan da ƙyar shi nake shayar da ƙasa. Ranar kasuwa kuwa ban taɓa famfo ba, don ƙudajen kasuwar dabbobi ba su san aikin mutum ba. Da fentin ya kama, na narka kakin zuma da ɗan kananzir na yi ta gogewa har motar ta ɗauki sheƙi.

Na hana kowa ya gaya wa Kawu zancen shuɗi. Ran da za a nuna mishi, muka turo motar ƙofar gida da hantsi, taubashina ya riƙo hannunshi. Kawu ya ce a juya shi ya ba rana baya. Ya matso har gemunshi ya kusa taɓa ƙarfen, ya ja da baya, ya karkata kai, ya sake matsowa. Ya daɗe.

Can ya ce, "Wannan ta sha baba. Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Ita motar ta gaya mini, Kawu."

Ya yi ƴar dariya, ya ce a hankali, "Ashe da sauran ido gare ni."

Taubashina ya juya ya ba mu baya yana goge fuska da hannun riga. Na gan shi sarai, na ƙyale shi. Ni kaina ji na yi kamar ƙasar Dakoro ba za ta ɗauke ni ba don alfahari, kuma har yau da nake rubuta wannan ban rage ko kaɗan ba. Na yi wa motocin manya fenti daga baya, a Maraɗi da gaba da Maraɗi, ba wadda nake tunawa da launinta.

Kafin a yanke gero a shekarar idon Kawu ya rufe gaba ɗaya. Ya ƙara shekaru masu dama a duniya. Duk baƙon da ya zo gaishe shi, sai ya tura shi ya dubo motar, in ya dawo ya tambaye shi ko tana nan yadda ya gan ta. Rana kuwa ba ta fasa aikinta ba. Shi ya sa duk bazara nake ɗaukar tsumma da kakina in tafi gidan, in ta kama in sake haɗa fenti, don kada wani ya yi wa Kawu ƙarya.