Tambayoyin Baba Dauda

A Kagoro, lokacin yankan citta, mukan zauna bayan kicin da yamma, wuta a tsakiya, yatsunmu na raɗaɗi. Kaka ba ta fara labari sai ta ga kowa ya riƙe wuƙarsa. Rabi da yarenmu take yi, rabi da Hausa.

Akwai wanda take yawan maimaitawa. Wa da ƙani ne, gonarsu ɗaya, rumbunsu ɗaya, maƙwabcinsu kuma yana son gonar. A wajenmu, in ka miƙa wa mutum abin sha, kai za ka fara kurɓa a gabansa, ya ga babu guba. To, mutumin nan kullum sai ya kawo wa babban cikinsu burkutu, ya kurɓa sosai, ya miƙa, sannan ya ce a hankali, "Ni ban ce komai ba, amma ka lura da yadda ƙaninka yake kallon rumbu?" Kafin damina ta zagayo, wa ya sare ƙani, gari ya kore shi, maƙwabci ya shiga gona.

"Ƙwaryar lafiyarta ƙalau," in ji Kaka. "Gubar ta kunne ya ba shi. Ladi, yanka kike ko barci?"

Mu dariya muke yi. Ita ba ta yi.

Babanmu ya rasu bara. Tun daga jana'iza Baba Dauda, ƙaninsa, yake ɗaukar yayana Bitrus a mashin, yana saya masa tsire. Bai taɓa cewa Mama ce ta kashe Baba ba. Tambaya kawai yake yi. Wa ya dafa abincin ƙarshe? Me ya sa ba ta yi kuka sosai a coci ba? Gonar cittarmu tana iyaka da tasa.

Ranar Talata Bitrus ya tsaya a ƙofar Mama da adda. Ni na shiga tsakaninsu. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Da ƙyar ya sauke addar.

Tun ranar Mama tana Kafanchan wajen yayarta. Jiya Baba Dauda ya zo da Littafi Mai Tsarki a hammata, wai zai yi mana addu'ar salama. Na tsane shi, Allah ya gafarta mini. Ran Asabar dangi za su zauna, kuma babu maganarsa ɗaya da zan ɗauka in ce ga ƙarya. Zan dai miƙe in tambayi Bitrus a gaban kowa: "Yaya, kafin ka fara hawa mashin ɗin nan, ka taɓa jin tsoron tuwon Mama?"