Takardu Bakwai Masu Sunana

Wata huɗu ke nan da rasuwar Injiniya, Allah ya jiƙansa, har yanzu ban ɗauke teburinsa daga kusurwar shagona ba. Matata ta ce in ɗora sabuwar firinta a wurin. Na ce mata to, ban yi ba.

Ba injiniya ba ne, shi da kansa yake fara faɗa. Mutanen layinmu ne suka laƙaba masa sunan tun ranar da ya tayar da kwamfutar mai kemis bayan kowa ya ce ta mutu. In an kira shi haka sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku rufa mini asiri, injiniyan da ko takardar gaisuwa ba shi da ita." Ni Tsoho nake ce masa, don ya girme ni da wata biyar. Shi kuma Kwafi yake ce mini, saboda shagona na fotokwafi ne da buga takardu.

Aji ɗaya muka yi a sakandare, tare muka fito da sakamakon da ba a nuna wa baƙo. Na koyi tafireta. Shi ya bi wani mai gyaran rediyo, daga rediyo ya koma kwamfuta, daga nan ya shiga jan kebul ɗin intanet a ofisoshi. Shekara goma sha tara yana zaune a kusurwar nan tawa, tsakanin injin kwafi da taga, da akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin tebur da tsani a jingine bayan ƙofa.

Aikinsa da tsabta. Duk kebul ɗin da ya ja sai ya naɗa masa farin tef a baki biyu ya rubuta lamba, da rubutun nan nasa ƙanana kamar tururuwa. Ya ce wanda zai zo bayansa bai yi masa laifin komai ba, don me zai bar masa wahala. Sai dai kamfanonin da ke ba da irin wannan aiki difloma suke tambaya kafin su tambayi sunanka. Masu takarda su karɓo aikin, su kira shi ya shiga cikin silin ya fito fari fat da ƙura, su sa hannu a takardar kammalawa. Bai cika ƙorafi ba. Gwiwoyinsa ne suka fara yi masa ƙorafin. Yakan ce, "Kwafi, so nake in zauna a kujera in riƙa duba layukan nan ta allo, kafin tsanin nan ya kayar da ni."

Yana da shekara arba'in da shida ya fara karatu ta intanet. Ƙarfe bakwai na safe zan zo buɗe shago in tarar ya riga ni, yana gaban babbar kwamfutar shago, abin sauraro a kunne ɗaya don ɗayan ya lalace, tabarau a karan hanci an ɗaure ƙafarsa da siririyar waya. Malamin yana bayani a bidiyo, shi yana rubutawa a littafin makaranta irin na yara. Wani lokaci ya tsayar da bidiyon ya kama gardama da mutumin.

"A'a, malam! Ja shi haka a silin mai zafi ka gani. Kai a ofis mai sanyi kake."

"Tsoho, ba ya jin ka fa."

"Ai shi ya sa nake gaya masa gaskiya."

To ga inda muka yi kuskure. A shagona imel ɗaya gare mu, nawa. Duk mai son a buga masa takarda, nan yake turowa, kuma kullum a buɗe yake a kwamfutar. Da Injiniya zai yi rajistar kwas ɗin farko, shafin ya tambaye shi ko zai shiga da imel ɗin da ke buɗe, ya danna e, don gaggawar ya ga darasi. Bayan wata huɗu ya ci jarrabawa, satifiket ya fito. Muka buga shi a takarda mai kauri, muka duba, sai ga sunana ɓaro-ɓaro a tsakiya.

Dariya muka yi har mai ɗinki maƙwabcinmu ya leƙo.

"Barka da arziki, Kwafi," in ji shi. "Ashe kai ne kake karatun, ni rakiya nake yi."

Na ce masa wannan ai ba komai ba ne, aikina ne na kullum. Na buga sunansa da irin harafin da ke jikin takardar, na yanke shi siriri da almakashi, na shafa gam na liƙa a kan nawa, na goge gefen da farin ruwan gyaran rubutu, na ɗora a inji. Kwafin ya fito tas, ko ni da na yi ban ga wurin ɗinkin ba. Wallahi ko kusa ba mu ɗauke shi ha'inci ba. Shi ya yi karatun, shi ya ci jarrabawar, mu a ganinmu gyara muka yi. Mun so mu buɗe masa nasa imel ɗin, amma sai ya ga duk darussansa da makinsa suna wancan, ya ce a bari sai ya gama na biyu. Haka muka yi har kwas bakwai cikin shekara uku. Kowanne ya fito, in ɗauko almakashi.

Wata rana wata ɗaliba ta kawo sanarwar wata kwalejin fasaha in yi mata kwafi. Injiniya yana da ɗabi'ar karanta takardun mutane ta gefen ido, na yi faɗa har na gaji. Ranar sai ya miƙe tsaye.

"Ƙanwata, ara mini minti ɗaya."

Sanarwar ta ce kwalejin tana karɓar wasu kwasa-kwasan intanet ta lissafa su a matsayin kiredit, wato kamar mutum ya zauna a ajinsu ya ci darasin. Wanda ya kawo isassu, za a yafe masa shekarar farko ta difloma, ya yi guda ɗaya kawai, ita ma da yamma. Ya bi jerin da yatsa. Duk bakwai ɗinsa suna ciki.

Na raka shi. Ya sa rigarsa mai ruwan toka da uwargidansa ta goge har tana ƙyalli, takardun a cikin sabon fayil. A ofishin rajista wata mata ce, ba za ta wuce sa'ar 'ya'yanmu ba, ta karɓe mu da fara'a.

"Baba, ɗanka za ka yi wa?"

"Ni ne ɗan, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya ta ba shi haƙuri. Ta jera takardun, ta yaba. Sannan ta duba ƙasan ta farko, inda akwai wata doguwar lamba da mu ba mu taɓa kula da ita ba, ta shigar a kwamfutarta. Ta shigar da ta biyu. Ta juyo mana da allon.

"Wane ne wannan?"

Sunana ne. Na ce ni ne. Na fara bayani, ina haɗa imel da gam da almakashi, ni kaina na ji yadda maganar take fita ba daɗin ji. Fara'ar ta tafi. Ta ce abin da ke gabanta takardun wani ne aka canza wa suna, kuma dokarsu ita ce ta rubuta rahoto, wanda aka rubuta wa kuwa ba ya sake neman shiga kwalejin. Ta ce za ta riƙe fayil ɗin zuwa mako guda kafin ta miƙa.

Muka fito muka hau mota. Da muka sauka sai ya ce, "Shekara hamsin saura ɗaya ban taɓa ɗaukar ko sukurun wani ba, Kwafi. Yau yarinya ta kalle ni kallon ɓarawo." Ya wuce gida.

Kwana uku bai zo shago ba. Ran na huɗu uwargidansa ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Mai kwafi, me ka yi wa mutumin naka? Yana zaune yana kallon bango. Na ce ko kun yi faɗa, ya ce ina ma faɗa ne."

Na gaya mata komai. Ta ce, "To hannun wa ya riƙe almakashin?" Na ce nawa. Ta ce, "Ashe ka san hanya."

Washegari na rufe shago. Na kwashi ainihin takardun bakwai masu ɗan siririn suna a liƙe, da littattafansa guda goma sha ɗaya da na ɗauko daga aljihun tebur ba da izininsa ba, na koma. Matar ta saurare ni, ta bubbuɗe littattafan, ta daɗe a kan wani shafi da ya zana yadda kwamfutoci ashirin za su haɗu a bene biyu. Sai ta kai ni wurin shugaban sashen, wani dattijo mai furfura a gira.

Ya sa farce ya ɗaga gefen sunan da na liƙa, ya leƙa ƙarƙashi.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Hannunka da kyau. Kada ka ƙara."

Ya ce takardun ba za su karɓu ba ko an yi shekara ana roƙo, don a wurin masu kwas ɗin ni ne ɗalibi. Amma kwalejin tana da wata ƙofa: mutum ya zo ya zauna jarrabawar kowane darasi a gabansu, abin da ya ci a rubuta masa kiredit. Sharaɗi ɗaya ne. Sai na fara rubuta wa masu kwas ɗin na gaya musu ba ni na yi karatun ba, su soke takardun duka, don ba zai yarda a bar shaida a hannun wanda bai san komai a kai ba. Ya ce in yi haƙuri da maganar. Na ce ai gaskiya ce, ni ko kunna na'urar raba intanet sai na kira Injiniya.

Na sami Injiniya a ɗakinsa na gaya masa. Ya daɗe yana murza gwiwa.

"Wato in an soke, kuma na je na faɗi, shekara ukun nan ba ta da ko alama a duniya."

"Haka ne."

"Kuma kai za ka rasa digirinka bakwai."

"Tsoho, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Rubuta."

Shi ya faɗa, ni na buga. Kwana biyar amsa ta zo, layi uku. Muka shigar da lambar nan ta ƙasan takarda, allon ya ce babu irinta. Ya tashi ya fita waje, na ba shi lokaci kafin in bi shi da shayi.

Jarrabawar kwana biyu aka yi. Ban shiga ba, a benci na zauna a baranda, amma ƙofar ɗakin gwajin tana da gilashi. Rana ta biyu suka kai shi gaban wani akwatin ƙarfe da suka hargitsa wayoyinsa da gangan, suka ba shi awa biyu. Na ga ya cire agogo ya ajiye, ya gyara tabarau. Minti arba'in fitilun akwatin suka koma kore. Maimakon ya fito sai na ga ya zaro farin tef daga aljihu ya durƙusa, da gwiwar nan tasa, yana naɗa wa kowace waya lamba. Dattijon yana tsaye a bayansa, hannu a ƙirji, bai hana shi ba.

Ya ci shida. Ya faɗi ɗaya, darasin rubuta manhaja, wanda dama da ƙyar ya haye shi a intanet. Suka rubuta masa kiredit goma sha takwas, suka ce ya haɗa wancan da darussan shekarar ƙarshe. Matar ofishin rajista da kanta ta miƙo masa takardar, ta ce, "Baba, ka yafe ni." Ya ce, "Aikinki kika yi, 'yata. Wancan ne mai laifin," ya nuna ni da haɓa.

Wata biyar ya yi yana zuwa aji. Ƙarfe huɗu zai wanke hannu da fuska a famfon bayan shago, ya rataya jaka, ya ce, "Kwafi, kula da gida, ɗalibai za su wuce." 'Yan ajinsu Kawu suke ce masa. Ya dawo yana ba ni labarin yadda suke rububin zama kusa da shi ranar aikin hannu, ranar manhaja kuma shi ne mai leƙen littafinsu. Ban taɓa ganin ya yi ƙuruciya irin ta watannin nan ba, har a lokacin da muke da ƙuruciyar.

Wata safiya ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, zai ɗan koma gida ya kwanta. Kwana biyu ya yi a asibiti. Diflomar bai same ta ba, saura masa zango ɗaya.

Bayan rasuwar na je kwalejin in sanar da su. Dattijon ya cire tabarau ya yi masa addu'a. Sannan ya sa aka buga mini takardar sakamakon Injiniya, aka buga mata hatimi: sha takwas na jarrabawar nan, da tara na zangon da ya gama, har da na manhajar, wanda ya haye da maki biyu kacal. Na kai wa uwargidansa. Ta ce in karanta mata, idonta ba zai iya ba. Na fara daga sama, daga sunansa da na mahaifinsa, na kasa wucewa. Ta karɓa ta riƙe, muka zauna haka.